Mazubin tsabata ya yi shiru bana: ina tsuntsayen suka tafi?

Wata baiwar Allah da ke zaune a kudancin lardin Ontario na ƙasar Kanada ta aiko da tambaya. Ta ce shekara uku ke nan da ta rataye mazubin tsaba don ciyar da tsuntsaye a lambun gidanta, ita da yaranta suna kallon tsuntsaye ta taga a lokacin hunturu. Bara kullum sai ta cika mazubin, wata rana ma sau biyu. Bana kuwa tun watan Nuwamba tsabar kan yi sati ba ta sauka ba, sai 'yan tsuntsaye biyu ko uku ke leƙowa. Ta ji a labarai ana cewa tsuntsaye na ƙarewa, hankalinta ya tashi. Tana son ta san ko abin da take gani ke nan, ko kuwa ita ce ta yi wani kuskure.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka miki da alheri, ciyar da mai rai sadaka ce. Ki kwantar da hankalinki tukuna. Na daɗe ina ƙidayar tsuntsaye a wannan yankin, a lambun gidana da kuma cikin daji tare da masu ƙidayar ƙarshen shekara, kuma da wuya hunturu ya wuce ban ji wani ya yi irin tambayarki ba. Sau da yawa idan mazubi ya yi shiru, ƙoshi ne ya hana tsuntsayen zuwa. Amma labarin da kika ji shi ma gaskiya ne, ba zan ɓoye miki ba. Abu biyu ne da suka yi kama a ido: tsuntsu ya ƙaurace wa gidanki, da kuma tsuntsu ya ragu a ƙasa baki ɗaya. Daga taga ɗaya, a shekara ɗaya, babu mai iya raba miki su, ko da farfesa ne.

Da yake tsuntsayen nan ba na ƙasarmu ba ne, yawancinsu ba su da suna a Hausa, don haka zan kira su yadda bakinmu ke faɗin sunansu na nan, in siffanta miki su.

Mu fara da cikadi, ɗan mitsitsin nan mai baƙar hula da baƙin maƙogwaro da fararen kumatu, wanda kan ɗauki ƙwaya ɗaya ya tashi da ita. Mu masu zuba tsaba muna ɗauka cewa da mu ya dogara. A shekarun 1980 wasu masana biyu a jihar Wisconsin ta Amurka, Margaret Brittingham da Stanley Temple, sun sa wa ɗaruruwan cikadi zobba masu launi a ƙafa don su riƙa gane kowanne, suka yi ta bin su hunturu bayan hunturu. Suka tarar da cewa ko cikadin da mazubi ke gabansa a cike, kusan kashi ɗaya cikin biyar kacal na abin da jikinsa ke buƙata a yini yake ɗauka daga nan. Sauran kashi huɗun daga daji yake nemo su: ƙwan ƙwari da ke maƙale a ɓawon itace, gizo-gizo, tsutsotsin da suka laɓe don sanyi, da 'ya'yan itatuwa da na ciyawa. Amfanin mazubin ya fi fitowa a watannin da sanyi ya yi tsanani, ya sauka ƙasa da digiri 18 a ƙarƙashin sifili kwana da kwanaki. A irin wannan lokaci tsuntsu mai nauyin giram 11 ko 12, wanda da dare yake sauke zafin jikinsa da kusan digiri 10 don kitsen da ya tara ya kai shi safiya, ƙwayar da ya samu da sauri kafin magariba na iya zama tsakaninsa da mutuwa. Da sanyin ya sassauta kuwa, sai ya koma harkarsa a daji. Har masanan suka cire wani mazubi da ya shekara 25 a wuri guda, kuma tsuntsayen wurin ba su fi na sauran wurare mutuwa ba.

To ki duba ƙasan lambunki. Akwai dusar ƙanƙara a kwance, ko ciyawa na waje? Wannan ce tambayar farko da nake yi wa kowa. Junko, mai launin toka da cikinsa fari wanda ke tsalle-tsalle a ƙarƙashin mazubi, da dangin gwara, da kurciyar nan mai dogon wutsiya, duk a ƙasa suke kiwo. Muddin ƙasa a buɗe take, kowane gefen hanya da kowace gonar da aka girbe rumbu ne a wurinsu. Hunturun 2023 zuwa 2024 shi ne mafi ɗumi da aka taɓa rubutawa a Kanada, kuma a shekarar nan na sha jin masu mazubi suna kuka irin naki. Ranar da dusa ta rufe ƙasa ta kai tsawon tafin hannu, ko aka yi ruwan nan mai daskarewa a jikin rassa, sai ki wayi gari lambu ya cika kamar an yi shela.

Sai babban dalili, wanda a ganina shi ne ya fi bayyana bambancin bara da bana a gidaje da yawa, kuma yana can nesa da ke, ɗaruruwan kilomita a arewa. Akwai wani ƙurmin daji da ya ratsa Kanada daga gabas zuwa yamma, cike da itatuwan sifurus da fayin da birci. Itatuwan nan ba sa yin 'ya'ya daidai wa daida kowace shekara. Wata shekara sai su zuba 'ya'ya kamar rassan za su karye, kuma a tare suke yi, faɗin lardi guda ko fiye. Shekarar da ta biyo baya sai ki nemi ƙwaya ki rasa. Hikimar ita ce a shekarar yalwa masu cin 'ya'yan, kurege da ɓeraye da tsuntsaye, ba za su iya cinyewa ba, dole wasu su tsira su tsiro. A shekarar babu kuma sai yawan masu cin ya ragu. Tsuntsayen da rayuwarsu ke kan waɗannan 'ya'ya, wato siskin mai zane-zane da ɗan rawaya a fiffike, da redfol mai jan ɗigo a goshi, da gurosbik mai ƙaton baki da launin rawaya, ba su da tsayayyen wurin da suke yin hunturu. In abinci ya wadata a arewa sai su yi zamansu, ko sanyi ya kai ina. In ya gaza sai su kwararo kudu dubbai, su faɗa kan duk mazubin da suka tarar. Ci-rani ne sosai, irin wanda muka sani a gida: shekarar da damina ta yi albarka 'yan ci-rani ba sa yawa a birni. Abin ya fi ƙamari idan shekarar yalwa ta gabata, suka hayayyafa da kyau, sannan ta babu ta biyo baya, ga bakuna sun ƙaru ga abinci ya yanke. Haka aka yi a hunturun 2020 zuwa 2021, lokacin da siskin suka malala har jihohin kudancin Amurka, mutanen da suka shekara ashirin ba su ga gurosbik a gidansu ba suka gan shi.

Idan bara garken ƙananan tsuntsaye masu zane ne suka riƙa share miki tsaba sau biyu a yini, to baƙi kika yi, kuma baƙo ba ya zama. Wanda ya fara zuba tsaba a shekarar kwarara yakan ɗauka haka abin yake kullum, sai ya riƙa auna kowace shekara da ita. Bara ɗin ce ta fita daban, bana kuwa mai yiwuwa ita ce ta kullum.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Tun 1999 wani masanin tsuntsaye na Ontario, Ron Pittaway, ya fara fitar da hasashe kowane watan Satumba kan waɗanne tsuntsayen arewa za su sauko, bayan ya tattara rahoto daga masu duba 'ya'yan itatuwa a faɗin dajin. Daga 2020 Tyler Hoar ya karɓi aikin, kuma ana samun hasashen kyauta a shafin intanet na ƙungiyar Finch Research Network. Ki nemi na bana ki karanta. In ya ce itatuwa sun yi 'ya'ya a arewa, kin samu rabin amsarki. Ko bulu-je, shuɗin nan mai tukku da yawan surutu, haka yake da 'ya'yan itacen ok da na bic: shekarar da suka zuba da yawa yana can yana binne su a daji, ba ruwansa da gyaɗarki.

Akwai kuma dalilan da ke cikin unguwa. Na farkonsu shaho. Iri biyu ne ke farautar tsuntsaye a lambuna a nan, babba mai girman hankaka da ƙarami mai girman bulu-je, dukansu masu gajerun fikafikai da dogon wutsiya, sun iya kurɗawa tsakanin rassa. Bayan an hana amfani da maganin ƙwarin nan DDT, wanda ya rage yawansu, a farkon shekarun 1970 sai suka farfaɗo, suka kuma shigo birane saboda abinci ya taru musu wuri guda. A Chicago, bayanan masu ƙidaya a gidajensu sun nuna cewa a 1996 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mazuban birnin shaho ke ziyarta, bayan shekara ashirin ya kai kusan kashi biyu cikin uku. Alamarsa ita ce ki ga lambu ya yi tsit farat ɗaya, ko maƙwaƙƙwafi ya manne a jikin itace ya daskare ba ya ko motsi, ko ki tarar da gashin tsuntsu a barbaje kan dusa. In shaho ya mayar da gidanki wurin farauta, ki sauke mazubin na sati ɗaya ko biyu, zai nemi wani wuri. Kada ki tsane shi, nasa abincin yake nema, kuma doka ta kare shi. Abin da za ki yi wa ƙananan shi ne mafaka: mazubi ya kasance kamar taku uku ko huɗu daga wani itace mai duhun ganye, ko ki tara busassun rassa a kusurwa su samu wurin faɗawa. Kyanwar maƙwabta ta fi shaho ɓarna nesa ba kusa ba. A 2013 an ƙiyasta cewa kyanwoyi na kashe tsuntsaye tsakanin miliyan 100 zuwa 350 a shekara a Kanada kaɗai. Sannan ki tambayi kanki ko an sare wani babban itace ko shingen ganye a kusa, ko wani maƙwabci ya rataye mazubai uku da tsaba mai kyau. Garken cikadi na zagaya yanki mai faɗi, gidanki ɗaya ne cikin wuraren da suke yada zango.

Ita kanta tsabar a duba ta. Buhun nan mai arha da ake sayarwa a manyan kantuna, in kika zuba a tafin hannu za ki ga jajayen ƙwayoyi masu yawa da za ki gane nan take: dawa ce, jar dawa, ana cika buhu da ita don ya yi nauyi. Tsuntsayen gabashin nahiyar nan yawancinsu ba sa cin ta, sai su watsar ƙasa ta jiƙe ta ruɓe. Wadda ta fi jan kowane irin tsuntsu ita ce baƙar ƙwayar sanfulawa (furen nan mai bin rana) mai mai, ga ɓawonta ba tauri. A ƙara da kitsen shanu da ake sayarwa a dunƙule don maƙwaƙƙwafi, da ɗan farin gero a ƙasa don junko. Akwai kuma wata siririyar baƙar tsaba da ake rubuta wa Nyjer a buhu. Na sha jin 'yan uwa na cewa daga Nijar ko Najeriya ake kawo ta. Daga Habasha da Indiya ta fi fitowa, a Habasha ma mai ake matsewa daga cikinta. Kafin a shigo da ita sai an gasa ta don kada ta tsiro, shi ya sa take saurin bushewa. In ta kwana biyu a ɗakin ajiya, tsuntsu zai ɗanɗana ya bar ta. Ki murje 'yan ƙwayoyi a kan farar takarda, in ba ki ga alamar mai ba ta mutu. In ragowar buhun bara kike zubawa, ko tsabar ta dunƙule a gindin mazubi tana warin ruma, to ki zubar ki sake sabuwa. Kuma tunda ba a ci da yawa bana, ki riƙa zuba rabi, ya fi a bar ta ta lalace.

Wani ɗan abu da ke ruɗa mutane: golfinci, wanda namijinsa ke zama rawaya shar da baƙin goshi a lokacin zafi, yakan sauya gashi a kaka ya koma launin ƙasa-ƙasa mara haske. Mutane da dama sun ce mini ya ɓace alhali yana gabansu. Ki duba baƙin fiffike mai fararen layuka, ta nan za ki gane shi.

Yanzu ga wurin da nake so ki ba ni hankalinki sosai, don shi ne wurin da hannunmu ke iya cutarwa ba mu sani ba. A daji tsuntsaye a warwatse suke cin abinci. Mazubi kuwa yana tara su baki da baki, kashin wannan na faɗawa kan abincin wancan, kamar yadda cuta ke bin kaji in an cunkushe su a akurki ɗaya. A farkon 1994 mutane a kewayen birnin Washington suka fara ganin wani tsuntsun mazubi, mai jan kai da ƙirji da ake kira finci na gida, idanunsa a kumbure suna ruwa, wasu sun rufe ruf. Ƙwayar cutar daga kaji ta tsallako. Cikin 'yan shekaru ta kai Ontario da duk gabashin nahiyar, ta rage yawan tsuntsun da kusan rabi. A Birtaniya wata cutar maƙogwaro da ta ɓulla wajen 2005 ta yi wa koren finci mummunar ɓarna ta hanyar mazubai da kwanonin ruwa, har a 2021 aka sa shi cikin jerin tsuntsayen da aka fi jin tsoron halinsu a ƙasar. A hunturun kwararar siskin da na ambata ma, cutar salmonela ta bi su ta kashe da yawa, musamman a yammacin nahiyar. Ni kaina na taɓa tarar da siskin a zaune a ƙarƙashin mazubina, ya kumbura gashi, ido a lumshe, na matso har na kusa taɓa shi bai tashi ba. Na yi sakaci da wanke mazubin a makonnin nan saboda sanyi, kuma har yau abin na damuna.

Saboda haka duk sati biyu ki sauke mazubin, ki goge shi da buroshi da ruwan sabulu, ki jiƙa shi minti goma a ruwan bilic, awo ɗaya na bilic cikin awo tara na ruwa, ki ɗauraye, ki bar shi ya bushe sarai kafin ki zuba tsaba. Ki share ɓawo da kashin da suka taru a ƙasa. Ki sa safar hannu, yara su wanke hannu bayan sun taya ki, kuma kada a wanke shi inda ake wanke kwanonin abinci, don salmonela na kama mutum. In kika ga tsuntsu ko ɗaya mai kumburarren ido, ko wanda ya zauna shiru ya ƙi gudu, ki sauke komai na sati biyu su watse. Ba za su mutu da yunwa ba, kin ji abin da aka gano a Wisconsin. In kina kiwon kaji a gidan, ki nisanta su da mazubi saboda murar tsuntsaye. Batun gilashin taga kuma, ki matso da mazubin kusa da ita, kada ya wuce mita ɗaya, ta yadda in tsuntsu ya firgita bai ɗauki gudun da zai kashe shi ba in ya bugi gilashin.

Labarin da ya tayar miki da hankali ya samo asali ne daga wani bincike da ya fito a mujallar Science a 2019, ƙarƙashin jagorancin Kenneth Rosenberg na Jami'ar Cornell. Sun haɗa ƙidayar kusan shekara hamsin, suka tarar da cewa Amurka da Kanada sun yi asarar tsuntsaye kusan biliyan 2.9 tun daga 1970, wato kashi 29 cikin ɗari. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne asarar ta fi yawa a cikin tsuntsayen da kowa ke ganin suna da yawa. Junkon nan na ƙarƙashin mazubinki ya ragu da kusan miliyan 168. Tsuntsayen filayen ciyawa sun ragu da fiye da rabi, saboda an mayar da filayen gonaki da gidaje, ga magungunan feshi da ke kashe ƙwarin da suke ciyar da 'ya'yansu. Gurosbik, wanda dattawan nan za su ba ki labarin yadda garkensa ke share buhun sanfulawa a shekarun 1970 da 1980, bayanan mazubai sun nuna gidajen da ke ganinsa sun ragu da rabi tsakanin 1988 da 2006. Sai dai ki lura da saurin abin. Kashi 29 a shekara hamsin bai kai kashi ɗaya a shekara ba. Irin wannan raguwa ido ba ya kama ta daga bara zuwa bana, tana tafiya ne a hankali har sai jika ya tambayi kaka wane tsuntsu ne wannan da take ba da labari. Faɗuwar da kika gani, daga cika mazubi kullum zuwa sau ɗaya a sati, ta yi sauri da yawa a ce ita ce. Kuma ba kowane iri ke raguwa ba. Agwagin ruwa da shahuna sun ƙaru saboda an kula da su. Kadinal, ja jawur mai tukku da yaranki ke so, sai a 1901 aka fara samun sheƙarsa a Ontario, a can ƙurewar kudu, yau ga shi har Ottawa da gaba, ɗumamar hunturu da mazubai irin naki sun taimaka masa.

Duk waɗannan alƙaluma daga ina suka fito? Mafi yawansu daga hannun mutane irinki masu takarda da biro. Akwai misalin da ya shafe mu kai tsaye. A 1969 masu ƙidayar sa-kai a Birtaniya suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda kan dawo musu kowace shekara ya yi sheƙa, ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu a shekara ɗaya. Aka bincika a Ingila ba a ga dalili ba. Daga baya aka gane cewa tsuntsun a yankinmu yake yin rani, daga Senegal zuwa arewacin Najeriya da tafkin Chadi, kuma farin da ya fara a Sahel a 1968, wanda ya kai ga yunwar farkon shekarun 1970 da iyayenmu ba su manta ba, shi ya hallaka su. Da ba a riƙa rubutawa kowace shekara ta hanya ɗaya ba, da babu wanda zai iya cewa raguwar ta gaske ce, balle a bi sawunta har ƙetaren Sahara.

Shawarata ita ce ki mayar da kallon nan na taga ƙidaya. Akwai shiri mai suna Project FeederWatch, wanda a lardinku ma aka haife shi: Erica Dunn ta fara shi a 1976 a tashar nazarin tsuntsaye ta Long Point da ke gaɓar tafkin Erie, a 1987 aka haɗa hannu da Jami'ar Cornell ya game Kanada da Amurka. Yana gudana daga Nuwamba zuwa Afrilu, kuma a Kanada ta hannun ƙungiyar Birds Canada ake shiga. Za ki zaɓi kwana biyu a jere, misali Asabar da Lahadi, ki kalla gwargwadon lokacin da kike da shi, ko minti ashirin ne kina shan shayi. Ga kowane iri, ki rubuta adadi mafi yawa da kika gani a lokaci guda. In kin ga cikadi uku da safe, biyar da la'asar, biyar za ki rubuta, ba takwas ba, don mai yiwuwa na safen ne suka dawo. Ki rubuta tsawon lokacin da kika kalla, da zurfin dusa, da yanayin sanyi. Sai ki bari kwana biyar su wuce kafin ƙidaya ta gaba. Ranar da ba ki ga komai ba ma ki rubuta, kada ki ce ba abin rubutawa. Masu nazari sun fi ƙarancin irin wannan rahoton, domin mutane sun fi son aikawa ranar da lambu ya cika, kuma in kowa ya yi haka lissafin zai nuna yalwar da babu ita. Hunturu irin na bana da mazubinki ya yi shiru yana da daraja a wurinsu daidai da na bara.

In hakan ya yi miki yawa, akwai ƙidayar kwana huɗu da ake yi duk tsakiyar Fabrairu, Great Backyard Bird Count, minti 15 ya isa, kuma tun 2013 aka buɗe ta ga duniya duka, har 'yan uwa a Kano ko Maraɗi za su iya shiga daga tsakar gidansu. Manhajar Merlin kyauta ce, tana gane tsuntsu daga hoto ko daga kukansa, yara za su riga ki iyawa. In kuma kina son ganin ko shirun na gidanki ne kaɗai ko na gari ne, ki nemi sakamakon ƙidayar ƙarshen shekara ta yankinku, wadda ake yi tsakanin 14 ga Disamba da 5 ga Janairu a cikin da'ira mai faɗin kilomita 24, an kuma fara ta tun 1900. In cikadi da junko sun fito daidai da sauran shekaru a can, to suna nan, ba su dai buƙace ki ba tukuna.

A wannan satin ki wanke mazubin, ki sayo ƙaramin buhun sabuwar sanfulawa, ki ajiye littafi a bakin taga. Ranar da aka yi dusa mai nauyi ta farko, ki tashi bayan sallar asuba ki duba ƙarƙashin mazubin da zarar gari ya fara haske, don kadinal da junko su ne ke riga kowa zuwa. Ki rubuto mini abin da kika gani a ƙarshen Fabrairu, da adadin da yanayin kowace rana, mu duba tare. A gaida yara.